A duba salansar mota, a ƙyale shekarar haihuwarta

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ni fita ne, bakanike kenan a bakin 'yan uwanmu na Najeriya, a Suame Magazine nake aiki nan Kumasi, shekara ashirin da ɗoriya hannuna cikin baƙin mai, a Aboabo aka yanke mani cibi kuma can nake kwana har gobe. Bokona bai yi nisa ba, in ka ga rubutun ya karkace ka miƙar da shi, amma don Allah a bar maganar yadda na faɗe ta.

Ƙanena ne ya tayar da zancen. Yana Bronx a birnin New York, inda 'yan zangonmu suka yi yawa har ka ce Aboabo ce aka ɗauka aka kai can. Ya kira ni da daddare ransa a ɓace, wai ya kai motarsa gwajin shekara ta faɗi, saboda wannan 'yar fitilar mai ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a dashbod. Bakanikensu ya duba ya ce katalis ne ya mutu, wato ɗan tulun nan mai tace hayaƙi a jikin salansa, ya faɗa masa kuɗin sabo, yaro ya ji kamar ya zauna a ƙasa, don a jiharsu ba kowane katalis ake yarda a ɗaura ba sai wanda ya cika sharaɗin California, shi kuwa tsadarsa daban ce. Sai ya ce mani, "Yaya, kawai zan loda ta a kwantena in turo maka, ai ku can ba ruwanku, ka yanke abin ka liƙa fayif ta ci gaba da tafiya." Ya faɗa yana dariya. Ni kam na kasa dariyar, don wallahi bai yi mana ƙarya ba, abin da muke yi kenan.

Masu karatu za su ce to ina ruwan New York da California, alhali wannan na gabas wancan na yamma. Abin ya samo asali ne daga birnin Los Angeles, gari ne da duwatsu suka yi wa zobe, hayaƙin motoci in ya tashi ba shi da hanyar fita sai ya kwanta a kan mutane kamar hazon hunturu, idanu na yaji yara na tari. A 1967 gwamnan jihar na lokacin, Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya sa hannu aka kafa hukumar kula da iska da ake kira CARB. Tun da sun riga gwamnatin tarayya farawa, sai dokar ƙasa ta ba su dama su tsaurara fiye da kowa, sauran jihohi kuma aka ce wadda ta ga dama ta bi na tarayya wadda ta ga dama ta kwafi na California. New York na cikin waɗanda suka kwafa. Daga motocin 1975 katalis ya shigo gadan-gadan, daga 1996 kuma aka wajabta wannan 'yar kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda mu ma nan muke soka na'urar gwajinmu a ciki. Mu muna sokawa ne mu ga ciwon mota mu caji mai ita, su kuma hukuma ce ke sokawa, motar da kanta take kai ƙarar maigidanta.

Yanzu bari in faɗi inda abin ya taɓa ni. Ina da tsohuwar Benz 230E ƙirar 1983, marigayi mastana ne ya bar mani, mutumin da ya koya mani riƙe sifana, Allah Ya jiƙansa. Fara ce, kujerunta na asali, in ka rufe ƙofarta sai ka ji wani dim kamar an rufe akwatin banki. Ba ta fita sai Juma'a zuwa masallaci, sai ranar sallah, sai in an roƙe ni ɗaukar amarya. Ranar Alhamis da yamma nake wanke ta da hannuna, yarana na shago ma ba na bari su taɓa. Duk mai irin wannan ciwon na son tsohuwar mota ya san me nake nufi, wanda ba shi da shi kuma ko na kwana ina bayani zai ce hauka ne.

To masu irin ciwona a can suna shan wuya. A California motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya an yafe mata gwajin hayaƙi, amma daga 1976 zuwa sama sai ta je duk bayan shekara 2, kuma wannan layin ba ya matsawa, yana nan inda aka kafa shi. Ka ga mutum biyu maƙwabta, mota iri ɗaya, ɗaya 1975 ɗaya 1976, wannan yana barci da minshari wancan yana yawon neman wani ɗan bawul da kamfani ya daina ƙerawa tun kafin a haifi ɗansa. Benz ɗina da a can take da tana cikin layi. Su kuma samari masu son ƙara wa mota wuta, daga watan Yulin 2021 in aka sami an taɓa manhajar kwamfutar injin ba da irin wadda hukuma ta amince da ita ba, mota ta faɗi, sai an mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. New York su sun fi sassauci nan wajen, in mota ta haura shekara 25 an sallame ta daga gwajin hayaƙi. Jamus suna da lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, ta motar da ta kai shekara 30 kuma aka riƙe ta da kyau a kamanninta na asali, da wannan lambar tana shiga tsakiyar gari inda aka hana masu hayaƙi. A Landan kuwa tun watan Agustan 2023 duk faɗin birnin in motarka ba ta cika sharaɗi ba fam 12.50 za ka biya duk ranar da ka fito da ita, amma wadda ta wuce shekara 40 aka yi mata rajistar kayan tarihi an ɗauke mata.

Su kansu Amurkawan ba su gama rigimar ba. A 2022 California ta ce daga 2035 sabuwar motar da za a sayar sai mai lantarki ko makamanciyarta, a watan Yunin 2025 Trump ya sa hannu ya soke izinin, su kuma suka garzaya kotu. Wannan nasu ne, su ƙarata can.

Namu shi ne, motar da ta faɗi gwaji a can ina take zuwa? Ba narkewa take yi ba. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Wasunsu a tashar jirgin ruwa ta Tema suka sauka, muka wanke muka goge muka sa masu suna hom-yus, 'yan Najeriya suka ce tokumbo. Duk lokacin da aka ƙara ɗaure igiya a can, mu nan sai mu ga kwantena ta ƙaru. Ba na kuka da wannan gaba ɗaya, don da ba don hom-yus ba da malamin makaranta a Asawase bai taɓa riƙe makullin mota ba, ni ma da ba ni da aiki.

Amma laifi tudu ne, Malam Edita, bari in sauka daga kan nawa kafin in hango na gwamnati. Katalis ɗin nan wani ɗan tulu ne a jikin salansa, kusa da inji. In ka tsaga shi za ka ga abu kamar saƙar zuma, ƙananan ramuka dubbai, shi ya sa a Najeriya suke ce masa indomi. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsadar gaske, filatinam da faladiyam da rodiyam, in ya yi zafi hayaƙi ya ratsa ta ciki sai gubar ta ragu sosai kafin ta fito, har da wannan iskar da ba ta da wari ba ta da launi wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. To saboda waɗannan ƙarafan ne ake farautarsa. Na sha gani da idona, kuma ba zan ɓoye ba da hannuna ma na yi a shekarun baya: mota ta zo ba ta ja, maimakon a nemi dalili sai a ce katalis ya toshe, a kwance salansa a jingine ta da bango, a sa rodi a yi ta zungura ana bugawa da hama, saƙar tana zubowa gari-gari a kan buhun siminti da aka shimfiɗa. Kafin ka miƙe tsaye wani yaro ya iso a kan babur, ya duba lambar da ke jikin tulun, ya latsa wayarsa, ya faɗi farashi, ya tattare har ƙurar. Mai mota ya dawo ya ji tana gurnani ya ce kai masta ka iya aiki. Fitilar dashbod ta kama, sai a manna mata baƙin tef ko a zare ƙwan gaba ɗaya. Wasu ma tun kafin su hau jirgin ruwa an riga an yashe su, ka sayi mota da kuɗinka tulun nan fanko ne ba ka sani ba.

Abin da ya sa na daina, yayata ce. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi a Aboabo tun ina ɗan makaranta. Wata safiya na tsaya karyawa wajenta, wata trotro Sprinter ta tsaya daidai gaban teburin tana lodi, direba ya taka wuta don ya nuna wa fasinja wai yanzu zai tashi, wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu har na daina ganin kaskon. Ita ko gezau, ta sa gefen mayafinta ta rufe bokitin koko, ba ta rufe hancinta ba. Da ya wuce ta goge fuska da farin hankici ta nuna mani, baƙi ƙirin kamar an goge gindin tukunya, ta ce "Kai da 'yan uwanka ne ke gyara su ai." Tarin da take yi da daddare ana ji daga ɗakin da ke kallon nata. Na san hayaƙin itace da na mai a kasko su ma suna da nasu kason, amma ni na san wane kaso ne ya bi ta hannuna.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a ƙyale kowa ya yi ta bulbula hayaƙi. Rigimata da yadda ake yin dokar ce a ƙasar nan, kullum sai a bar jaki a daki taiki. A 2018 aka kawo harajin motocin alfarma, aka ce duk injin da ya kai wajen lita 3 alfarma ne, tsohuwar fikof ɗin manomi ta shiga sahu ɗaya da sabuwar V8 ta babban mutum, shekara guda aka yi ana ihu aka soke shi a 2019. A 2020 aka yi dokar kwastan da ta ce za a hana shigo da motar da ta wuce shekara 10 da wadda ta yi haɗari, lokacin da ake zawarcin kamfanonin haɗa motoci irin su Volkswagen da Toyota, dilolin mota da 'yan sifiya na Abossey Okai da mu nan Magazine aka yi ca, aka jingine ta. Sai kuma uwa uba harajin hayaƙi da ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2024: babur da mai ƙafa uku sidi 75 a shekara, motar da injinta bai wuce cc 3000 ba sidi 150, wadda ta haura da manyan motocin kaya sidi 300.

Don Allah a duba mani lissafin wancan lokacin. Benz ɗina lita 2.3 ce, wato cc 2300, sidi 150. Sabuwar Corolla mai katalis lafiyayye, sidi 150. Sprinter ɗin da ta yi wa yayata wanka da baƙin hayaƙi, yawancinsu injinsu bai kai 3000 ba, ita ma sidi 150, alhali tun asuba take kan titi har bayan isha'i kwana bakwai a mako. Wanda ya kashe kuɗi ya gyara nozul da wanda ya zare katalis ya sayar duk kuɗinsu ɗaya, to wane wawa ne zai gyara? Kuma in ka biya an ba ka rasit, hayaƙin naka ya halatta kenan. Sunan hayaƙi kawai aka ara aka liƙa wa haraji. A watan Afrilun 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu aka soke shi tare da harajin tura kuɗi ta waya da na caca, mun yi murna a shago har da sayen lemo, amma washegari da na bi ta Kejetia hayaƙin yana nan inda na bar shi.

Kar a ce ban yaba komai ba. Abu guda da aka yi na gaske shi ne na mai. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta tona yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa dizal mai datti musamman don Afirka, a lokacin dokarmu ta yarda da sinadarin salfa har 3000 cikin miliyan, a Turai kuwa 10 ne. A 2017 Ghana ta sauke na man da ake shigowa da shi zuwa 50. Ba wanda ya bi layi, ba wanda aka tare a hanya, amma duk wani inji a ƙasar nan ya amfana, don salfa shi ne babban makashin katalis da matatar hayaƙin dizal. ECOWAS ma a 2020 ta amince cewa motocin da za a riƙa shigowa da su yankin su kai matakin Euro 4, wato wani ma'aunin hayaƙi na Turai. A takarda abin ya yi kyau.

Ni abin da nake roƙo mai sauƙi ne. Tun a Tema da Takoradi a leƙa ƙarƙashin mota, in tulun fanko ne mai shigowa da ita ya sa wani kafin ta fita, wannan aikin minti biyar ne ga wanda ya san abin da yake nema. Sannan gwajin lafiyar mota, wato rodwodi, da hukumar lasisi ta DVLA ta wajabta, shekara-shekara ga motar gida, wata shida-shida ga ta haya, a mayar da awon hayaƙi ya zama shi ne zuciyarsa, a soka na'ura a bakin salansa lamba ta fito kowa ya gani. Na san inda gizo ke saƙar, wato 'yan tsakiyar nan da ake kira goro bois, kuma abin kunya sunan ma daga harshenmu aka samo shi. Wani kwastomana ya taɓa nuna mani sabuwar takardarsa yana taƙama, alhali motar tana kan duwatsu a shagona sati uku babu giyabos. In ba a toshe wannan ba ko na'urar zinariya aka kawo aikin banza ne. Kuma kar a ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai, Volkswagen da girmansa a 2015 aka kama shi ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta natsu, in an fito titi ta koma halinta. Mu dai da rodi muke yi, su da kwamfuta.

Wanda ya faɗi gwaji kuma kar a fara da tara. Direban trotro ba shi ne mai mota ba, yana da sels da zai kai wa maigida kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba, ga mai ga kuɗin tasha ga na mate ɗinsa, in ka ci shi tara daga tukunyar matarsa ka ɗiba, mai motar yana gida ko a jikinsa. A rubuta laifin a kan mota da mai ita, a ba shi wata biyu ko uku ya gyara ya dawo. A kuma sauke kuɗin fito a kan katalis da sensa da nozul, don yanzu wanda ma ya yi niyyar gyara in ya ji farashi sai ya ce masta sa fayif kawai. Sau da yawa ma ba katalis ɗin ne ke da laifi ba, fulogi ne ya mutu ko koyil, ɗanyen mai yana zuba a cikinsa har ya narke, ko ringi ya cinye inji yana shan baƙin mai. In ba ka gyara wannan ba ko sabo ka ɗaura wata shida ya bi ɗan uwansa. Yaran da muke koyarwa ya kamata a tara su a nuna masu wannan, Magazine kaɗai mutum dubbai ne.

Mu kuma masu tsofaffin motoci, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, Benz ɗina ba ta da katalis, haka aka ƙero ta, in aka auna mil da mil ta fi sabuwar Corolla ƙazanta nesa ba kusa ba. Amma abin da take yi a wata guda, trotro na yinsa kafin azahar. A yi mana irin na Jamus, lamba ta daban ga motar da ta kai shekara 30 kuma aka tabbatar ana kula da ita, a hana mu yin haya da ita, in an ga dama ma a ƙayyade mana tafiyar shekara, na yarda zan sa hannu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne wata rana a wayi gari a ce duk motar da ta wuce shekara kaza a kai ta bola, a haɗa amanar mastana da gwangwanin da ba a canza wa mai ba tun bara.

Shi kuwa ƙanena na ce ya turo motar amma kar ya bari kowa ya taɓa salansar, in ta iso zan fara duba sensa da koyil, don ban gama yarda da bakaniken nasu ba. Na kuma gaya masa in ma katalis ɗin ne ya mutu ni ba zan liƙa fayif ba, sai dai a nemo wani. Ya ce to wa zai biya, na ce wanda ke karɓar dala. Ya kashe wayar. Motar dai an ce tana kan ruwa, wata mai zuwa za ta sauka Tema.

Na gode Malam Edita, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
wani fita daga Suame Magazine, Kumasi